Ƙafa Ɗaya a Ƙasa

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni kam hankalina a tashe yake tun da surukata ta dawo daga wurin baje kolin zane-zanenki. Wai kin rataye zanen Mama tana barci a kujerar falo da rana tsaka, ɗankwali ya zame, baki a buɗe, wanke-wanke jibge a bayanta. Matar da baƙo bai taɓa samu a zaune ba, ita za ki nuna wa duniya kamar malalaciya? Sunan nan na mace mai himma shi kaɗai ta mallaka. Ki sauke shi tun magana ba ta kai kunnenta ba.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Surukarki akwai ido, sai dai ba ta dubi ƙafafun ba. Ɗaya na kan tebur, ɗaya a ƙasa cikin takalmi, tana jiran a kira. Sau ɗaya na taɓa ganin Mama ta huta, shi ma rabin hutu, kuma har yau abin na yi min ciwo. Ke ma yaushe rabonki da zama? Ba zan sauke ba sai Mama ta ce. Na riga na gayyace ta.

A gaida yara.
Ƙanwarki mai taurin kai

Auta,

Gaisuwa. Wato kin gayyace ta, sannan kika ɓuya! Ni na raka ta. Mata cike a gaban zanen. Wata ma'aikaciyar jinya ta tuɓe takalmanta, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Wallahi wannan ni ce." Sai Mama ta juyo ta ce, "A'a 'yar nan, ni ce dai. A ba ni kujera." Ta zauna a ƙarƙashinsa ana ta gaishe ta har aka tashi. Surukata ce ta kawo kujerar. Na yi kuka, ba na ɓoye miki. Ga saƙon Mama.

Na sauko.
Yayarki

Auta,

Allah ya yi miki albarka. Bakin nan kin buɗe shi da yawa, amma na yafe. Kada ki sauke. Ki zo da fentinki ki yi wani. Wannan karon ƙafa biyu zan ɗora, kuma duk wanda ya kira, ba na nan.

Mamanki