Maigidana Ya Ja Mini Haruffa Kamar Roba

Bu Lasmi, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar.

Shekara ashirin da shida ina koyar da zanen haruffa a nan Yogyakarta, kuma alhamdulillahi, rayuwa ba ta rage ni da komai ba. An gayyace ni in yi jawabi ranar Asabar ɗin a taron masu ɗab'i kan rubutunmu na Jawa. Shafukan da zan haska a bango da LaTeX nake tsara su: in rubuta umarni layi-layi, kwamfuta ta ajiye kowane harafi inda na ce. Aikin ba ya sauri, amma ina jin daɗinsa, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa.

Maigidana, Mas Kardiman, ya yi ritaya daga gidan waya bara. Da ya ga a sati biyu shafi tara kacal na gama, sai ya hau babur ya zaga tsohuwar unguwar Kotagede yana ɗaukar hotunan tsofaffin allunan shaguna, ya haɗa mini shafi talatin a ɓoye. Ya kawo mini tare da shayi, baki har kunne. Hotunan kam sun yi kyau. Amma Bu, duk inda rubutu bai cika fili ba sai ya ja shi, haruffan suka baje. Jawabin nawa kuwa kacokan hani ne ga wannan ɗabi'a! Na ce masa komai ya yi. Har ya goge rigarsa ta yadin batik, wai a sahun gaba zai zauna.

In na haska nasa, ɗalibaina za su yi masa dariya. In na haska nawa, zai gane ƙarya na yi masa.

Mai Jeren Haruffa

'Yar'uwa Mai Jeren Haruffa,

Kin yi dacen miji, sai dai kin yi ragon azanci. Nasa laifin rashin sani ne, naki kuwa kawaicin nan namu da ke hana mu faɗin gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gobe da safe ki zaunar da shi, ki nuna masa harafi ɗaya kafin a ja shi da bayan an ja. Wanda ya iya zaɓo allunan nan yana da ido, zai gani da kansa.

Sannan ki zuba hotunansa cikin shafukanki, sunansa a ƙarƙashin kowanne. Kada ki kuskura ki haska nasa a matsayin misalin kuskure, ko da ya ce ya yarda.

Zai ji zafi na yini ɗaya. Amma ba shafi talatin ne damuwarsa ba. Tun da ya bar aiki wurin zama yake nema kusa da ke, sai ki jawo masa kujera.

Allah ya sa a yi taro lafiya, ya bar ku tare.

Bu Lasmi