Iskar da Likita Yake Jira

Zuwa ga uwargida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da jaririya kuna lafiya. Ya jikin naki? Waya ba ta kamawa a ɗakin asibitin nan, shi ya sa na saka takarda cikin kwandon abincin da kike aiko min da direba.

An yi wa Baba aikin lafiya, an yanke wurin da hanjin ya toshe an ɗinke. Sai dai har yanzu ko ruwa ba a ba shi ba, yana kan ƙarin ruwa. Likita ya ce ba zai ci komai ba sai hanjin ya farka, alamar farkawarsa kuwa ita ce ya fitar da iska. Kin dai gane. Kullum da safe babbar nas takan tsaya a kansa ta ɗaga murya, "Baba, an yi tusa?" Shi kuma sai ya juyar da kai bango. Cikinsa ya kumbura tim, yana murɗa masa har gumi ya keto, amma bai taɓa cewa wash ba.

An ce in riƙa zagayawa da shi a baranda. Yana dafa kafaɗata muna tafiya. Har yau "kai mai firji" yake kirana, ni kuwa ban damu ba, ai gyaran firjin nake yi.

Ki huta lafiya.
Mijinki

*

Baban yara,

Gaisuwa da jinjina. Muna lafiya, yarinya sai tsotso da barci. Allah ya saka maka da alheri, ka rufe shagonka ka je ka yi abin da ɗa namiji zai yi wa Baba da yana da shi.

Amma wallahi kana da sanyin kai! Ba ka gane kai ne matsalar ba? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta labarai a rediyo, ko tari ba a taɓa jin ya yi a cikin shiri ba, shi ne zai saki abu a gaban surukinsa? Mu da ya haifa ma ba mu taɓa ji ba. Muna yara har gardama muke yi da ƙanwata ko Baba yana shiga banɗaki. Matsewa yake yi, na san halin kayana.

Ka riƙa ƙirƙiro dalilin fita kana ba shi wuri. Kuma don Allah ka daina cin abinci a ɓoye bayan ɗakin wanki, direba ya gaya min. Ka zauna ka ci kamar mutum.

Ka gaishe min da shi.
Matarka

*

Uwargida,

Sallama. Na yi ɓarna.

Na bi shawararki, ina ta fita, amma shiru. Jiya da la'asar lokacin 'yan dubiya, baranda cike da mutane, muna zagaye. Wasu mata suka gane muryarsa suka tsaya gaishe shi, "Lah, ba kai ne na rediyo ba?" Ya ɗan rusuna zai amsa, sai abin ya ƙwace masa. Uwargida, ba ƙarama ba ce, har wani yaro ya waiwayo. Na ga fuskar Baba ta canza, ban san lokacin da bakina ya ce, "Afuwan jama'a, ni ne, cikina ne ba daɗi" ba. Matan suka toshe hanci suna hararata, ɗaya ta ce, "Ƙato da kai, a gaban babban mutum!" Na sha kunya, amma a raina na ji daɗi.

To ashe babbar nas tana bayanmu, ta ji na ce ni ne. Ta rubuta cewa har yanzu majinyaci bai yi ba. Yau likita ya duba takarda ya ce an jira ya isa, gobe za a zura masa tiyo ta hanci, in hoto ya nuna toshewa a mayar da shi ɗakin tiyata. Na bi nas na rantse mata ba ni ba ne, ta ce duk masu jinya haka suke ƙarya don a ba nasu abinci, sai ta ji daga bakin mai ita. Shi kuma ya ƙi kallona. Ina tsoron a sake yanka tsohon nan saboda bakina.

Ki yi mana addu'a.
Mijinki

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da jikata, ina sanar da ke halin da ake ciki.

Na san an kai miki rahoto, ga cikon labarin. Da safen nan likita ya shigo zagaye da ɗalibansa, ga tiyo an ajiye a faranti. Na dubi yaron nan tsaye a gindin gado, idonsa ya yi ja. Tun da aka kwantar da ni shi ke juya ni, shi ke zubar da abin da ba na son ambata, bai taɓa yamutsa fuska ba. Mutumin da ya ɗauki abin kunyata ya aza a kansa a gaban mata, ban ga dalilin da zan bar shi da sunan maƙaryaci ba.

Na ce a ɗaga min gado. Na gyara murya irin ta da, na ce, "Jama'a, ga wata sanarwa. Iskar da aka ji shekaranjiya a baranda tawa ce, ba ta kowa ba." Nas ta ce, "Baba, ina shaida?" Cikin ikon Allah a nan take shaidar ta zo da kanta, kuma ta fi ta farko. Majinyata suka kaure da tafi, likita ya sa kunne a cikina da abin awonsa ya ce a mayar da tiyo.

An ba ni shayi ba madara. Na yi hira da manyan mutane a rayuwata, amma ban taɓa jin alfahari kamar na kurɓar farko ba. An ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan, in guji maiƙo, kuma cikin zai ci gaba da surutunsa na wani lokaci. Ya yi ta yi, na daina ɓoye shi.

Ki ƙaro kofi ɗaya a kwando, tare nake shan shayi da ɗana.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

*

Baban yara,

Gaisuwa. Na yi dariya har yarinya ta farka, daga baya kuma na yi kuka. A takardar Baba babu "mai firji" ko sau ɗaya, "ɗana" ya rubuta. Kar ka nuna masa ka sani.

Ga kofi nan. Ina alfahari da ku duka biyun, amma daga yau kowa ya amsa tasa.

Matarka