Yarinyar da Aka Ba Ƙofa

Zuwa ga Malamar ladabtarwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da fama da 'ya'yan mutane. Allah ya ba da lada.

Ni ce mahaifiyar yarinyar da kuka ba tsaron ƙofar makaranta a farkon zangon nan. Na so in zo da ƙafata, to a ɗakin wankin asibiti nake aiki, kuma tun kafin yara su karya nake fita. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin manya.

Malama, roƙo ne ya kawo ni. A taimaka a karɓe lambar nan da kuka maƙala mata a riga. Tunda aka ba ta ƙofa dole ta riga kowa zuwa, sai ta bar ƙaninta, Auta, a gida yana neman takalmi. Shi kuwa ɗan aji ɗaya ne, ko maɓalli bai iya sawa daidai ba. Ranar Litinin ya taho da gudu, tana kallonsa ta ja ƙofa ta rufe. Ya leƙa ta tsakanin ƙarafuna yana kiran Yaya, ta ce masa ya bi layin masu makara. A gabanta ya tsinci shara.

Yanzu ba ya cin abinci kwano ɗaya da ita. Maigadi yake kiranta. Ko banɗaki zai shiga sai ya tsaya ya ƙame ya ce, “Maigadi, an ba ni izini?” Maƙwabta na dariya, ni dai ba na yi. Jiya mai ɗinkin da ke ƙasan benenmu ta ce ta tsince shi ƙarƙashin matakala da jakarsa, rana ta take. Wai ya ce mata tunda rufewa za a yi, gara ya huta da gudun.

Babansu direban babbar mota ne, kullum yana hanya, ba ni da abokin shawara. Hali na kai ta ta koyo, ban kai ta ta koyi rufe wa ɗan'uwanta ƙofa ba.

Allah ya bar ki da naki.
Mahaifiyar yarinyar.

*

Zuwa ga mahaifiyar ɗalibarmu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, rubutunki kuma ya karantu sarai.

Ba zan ɓoye miki ba, ba na son karɓar lambar. Tsarin makarantar nan ne tun kafin in zo: wanda ya fi kowa makara shi ake ba ƙofa, don ya san zafinta. Bara 'yarki ce ta fi kowa. Tunda aka ba ta kuwa ba ta sake makara ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Yarinyar da in an yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai, yau ita ce mai ɗaga hannu a aji. Makon jiya ta tsayar da ɗan shugaban makaranta a waje, ya yi ta cika baki, ko gezau ba ta yi ba. Da ta buɗe wa ƙaninta, da washegari babu mai jin maganarta. Irin wannan halin muke nema a wurin yara.

Shawarata, a riƙa tashin Auta da wuri.

Ki huta lafiya.
Malamar ladabtarwa.

*

Malama,

Barka da aiki. Na gode da amsa, na karanta har sau biyu a lokacin hutunmu, a kan kwandon zannuwan gado.

Kin ce a riƙa tashinsa da wuri. Wa zai tashe shi? Lokacin ni ina cusa kaya a inji, hannuna duk maganin wanki.

Kin ce bara ita ta fi kowa makara. Gaskiya ne. Ita ke ɗora ruwa, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki in ya yi gardama, ta ɗauraye kwanuka, ta kulle ɗaki, ta tsallaka da shi babban titi ta kai shi ajin rainon yara, sannan ta ruga. Shara kuwa ta tsinta har ba adadi, ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. Kun ga makara, ba wanda ya tambayi dalilinta. Kun cire ƙaya daga ƙafarta, ga ta can a ƙafar yaro.

Ba faɗa nake yi ba, Malama, gajiya ce. Ni ma babba ce a ɗakinmu, goyon ƙanne ne ya hana ni aji, kuma ban mutu ba. Na roƙi shugabarmu ta mayar da ni aikin yamma, ta ce masu jira sun fi zannuwan yawa.

Na gaya wa yarinyar abin da na rubuto miki. Tana gugar rigarta ne, ta dai daɗe a kan hannun rigar guda ɗaya.

A gaida sauran malamai.
Mahaifiyar yarinyar.

*

Zuwa ga mahaifiyar ɗalibarmu,

Ina fatan kin tashi lafiya. Ban tambayi dalili ba, haka ne.

Shekaranjiya 'yarki ta shigo ofishina ta ajiye lambar a kan tebur da kanta. Jiya da yau duk ta makara, riƙe da hannun Auta. Shi an yi masa tsaf, har da mai a fuska. Tare suka tsinci shara, yana ta ba ta labari, ita tana kallon ƙasa. Malamin lissafi ya ce ba ta ɗaga hannu ba.

Na kira ta na tambaye ta ko tana son ƙofar. Ta ce abin da Mama ta ce shi ke nan. Na ce ba Mama na tambaya ba. Sai ta ce, “Malama, a ƙofa ne kawai ba na riƙe da hannun kowa.”

Lambar tana cikin durowata, ban ba kowa ba. Abin da kika yanke shi zan yi.

Na bar ki lafiya.
Malamar ladabtarwa.

*

Malama,

Gaisuwa da yawa.

Ki mayar mata da lambar.

Mai ɗinki ta yarda za ta riƙa tsallaka da Auta titi, amma sai ta buɗe shagonta. Saboda haka gobe zai makara, jibi ma haka, maɓallinsa a karkace. In ya zo a makare, yayarsa ta rufe ƙofa. Zai koma kiranta Maigadi, ni zan ji da wannan a gida.

Abu ɗaya nake roƙo. In zai tsinci shara, a kai shi bayan azuzuwa, inda ba za ta hango shi ba.

Allah ya saka da alheri.
Mahaifiyarsu.