Allurar Da Ta Ɓata

Zuwa ga Abban Ummi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, ya aiki, ya kewar gida? Tunda wurin aikin naku waya ba ta shiga, ga takarda ta hannun direbanku.

Ka kyauta, ka kawo wa 'yarka 'yar kyanwa ka tafi ka bar ni da jangwam. Tun ranar da ka sa ƙafa ta shige bayan firji, sai idanu kawai muke gani. Na ga hayaniyar falo ta yi mata yawa, na mayar da ita ɗakin ɗinki na rufe ƙofa. Na shimfiɗa mata tsohuwar singiletinka a kwandon ƙyallaye, na ajiye ruwa da farantin yashi. Ummi ta sa mata suna Maɓalli saboda baƙin ɗigon da ke hancinta.

Ba kyanwar ce damuwata ba, Ummi ce. Ka ce mata kafin kyanwa ta saba da gida ka dawo, ita kuwa ta riƙe maganar gam. Ba ta cin abinci sai Maɓalli ta ci, Maɓalli kuwa lasa ɗaya take yi ta gudu. Yarinyar har ta fara zabgewa. Abu ɗaya ke fito da kyanwar, zare. In Ummi ta ja shi a ƙasa sai ta leƙo ta kai masa cafka. Jiya na ji dariyar 'yarka, rabona da ita tun tafiyarka.

Ka gaishe da abokan aiki. Ni ce taka,
Maman Ummi

Zuwa ga Abban Ummi,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, cikin sauri nake yi.

Ka san halina, in ina ɗinkin hannu sai in soke allura a hannun kujera da zarenta in tashi. Ka sha yi mini faɗa a kai. Jiya ina kafa duwatsu a rigar wata mata, na soke ta na shiga kicin. Da na dawo babu allura babu zare. Na kakkaɓe kujera, na share ɗaki, na zazzage kwando, ko alama.

Da safe Maɓalli ta fara kakarin amai, ta ƙi ko ruwa. Na buɗe bakinta sai ga jan zare naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya tafi ciki. Tela kuwa in ta ga zare yana lilo, hannunta ba ya shawara da ita. Har na kama zan ja, kyanwar ta yi wata irin ƙara, Ummi ta riƙe mini hannu da hannayenta biyu. Allah ne ya sa na saki.

Likitan dabbobi ya ɗauki hoton cikinta, ya nuna mini allurata kwance a ciki. Ya ce zare yana tattare hanji ne kamar yadda zariya ke tattare wando, da na ja da na yanka shi. Ya riƙe ta, gobe zai yi mata aiki. Na tambaye shi ko za ta tashi, ya ce ƙarama ce ƙwarai, shi dai zai yi iyakar ƙoƙarinsa.

Ummi ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Tana zaune gaban kwando da singiletinka a cinya. Ɗazu ta tambaye ni, in Maɓalli ta mutu ba ta saba da gida ba, yaushe ke nan za ka dawo. Wallahi tsoro nake ji, kuma na kasa haɗa ido da kujerar nan.

Ka sa mu a addu'a. Taka,
Maman Ummi

Zuwa ga Abban Ummi,

Gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya aiki? Alhamdu lillahi, Maɓalli ta tashi.

Mun dawo da ita an aske mata ciki, da ɗinki a tsakiya. Na duba ɗinkin, da yarinyar shago ce ta yi mini shi da ta warware, amma ban ce uffan ba, na yi godiya. Likita ya ba ni allurar a 'yar kwalba. Na bi ɗakin da maganaɗisu lungu-lungu, allurai sun koma gwangwani mai murfi, zare ya koma durowa. Yanzu ƙwallon ƙyalle na ɗinka mata.

Kwanakin farko tana kwance, Ummi na ba ta abinci da ɗan cokali, ita ma tana kai nata baki. Shekaranjiya na manta ƙofa a buɗe. Muna falo sai ga ta tana tafe a hankali, tana shinshina ƙafar tebur. Muka yi tsit, ko numfashin kirki ba ma yi. Ta wuce firji ko kallo, ta yi ta fama har ta haye kujerarka, ta naɗe ta yi barci.

Ummi ta cinye abincinta tas, ta nemi ƙari. Daga nan ta ɗauko silifas ɗinka ta goge, ta jera su a bakin ƙofa, ta hana kowa taɓawa. In mota ta tsaya a waje sai ta ruga taga. Ta ce in rubuta maka cewa Maɓalli ta saba da gida.

Kai ka yi alkawarin, Abban Ummi, kuma ni ba ni da wata amsar da zan ba ta. Ka je ka nemi hutun nan.

Mai jiran ka,
Maman Ummi