Turancin da Baffa Ya Haddace

Takur, Dutse

Zuwa ga ƙanena Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Hadiyya da jariri Fahad, Allah Ya raya shi. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau a Aujara, gero ya fid da kai, ciwon gwiwar Inna ma ya yi sauƙi. Baffa ne dai ya daina cin abinci sosai, kuma kai ne sanadi, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar sunan Fahad, da Baffa ya dogara sanda ya ja ku har garke don ya nuna karsanar da ya ba jikansa, kamar yadda ya yi wa kowane ɗa a gidanmu? Jar nan ce, jikar saniyar da ya sayar ya kai ka jami'a. Yana shafa bayanta ka juya ka yi wa matarka Turanci, kuka yi dariya. Ka ɗauka tsoho bai ji ba. Lallai boko bai ƙara maka wayo ba. Mutumin da yake gane kukan kowace saniyarsa daga bayan gari, shi ne maganarka za ta wuce wa kunne? Bai san ma'anarta ba, amma ya haddace ta tsaf kamar karatun allo.

Sati uku yana riƙe da ita. Ranar Juma'ar da ta wuce ya hau mota shi kaɗai ya zo gidana, ya sa aka kira masa ɗiyata Halimatu Sa'adiya, tunda ita ke koyar da Turanci. Ya maimaita mata: wan fut in da gireb, sannan cikin fid. Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce yabo ne. Ni ce na ce ƙarya take yi, ta ji tsoron Allah ta faɗa masa gaskiya, kuma ban yi nadama ba. Tana kuka ta ce na farko haka Turawa ke cewa idan tsoho ya kusa mutuwa, ƙafarsa ɗaya tana kabari. Na biyu kuma tsabar kaji, wato abin da bai taka kara ya karya ba.

Baffa ya ce maganar kabari gaskiya ka faɗa, bai ji haushinta ba. Ta karsanar ce ta tsaya masa a rai. Washegari na raka shi gida Aujara, ya ja karsanar da hannunsa ya kai gidan Kamilu, ɗan ƙaninsa da kake yi wa dariya don bai gama firamare ba, ya ba ɗan Kamilun. Na tsaya na kalla, kuma wallahi na ji daɗi.

Tun a gidana ya tambayi Halimatu ko Turawa suna da irin wannan magana da zai aiko maka, ta ce ba ta sani ba. Ya ce to Hausa ta isa: ranar da ɗaya ƙafar ta bi, kada a jira ka, Kamilu ne zai yi masa wanka.

Inna tana gaishe ka, ba ta san komai ba tukuna. Yarana Ikilima da Abdurrahim suna gaida Hadiyya. Baffa bai ba da gaisuwa ba.

Addarka,
Lauratu