Firjin Ruma da gajimaren Kabiru

Laraba, bayan Isha.

"Hajiya, kafin damina kowane asibiti zai samu ƙaramar kwamfutarsa." Haka Injiniya Kabiru ya ce mini tun da rani, hannunsa a ƙirji. Ga gero ya kai gwiwa, sai yau ya shimfiɗa mini zanen tsarin a ofishinmu na lafiya da ke Batsari, kuma komai ya ɗora a gajimare, kwamfutocin haya da ke wata ƙasa. Wato in firjin rigakafi ya fara ɗumi a asibitin ƙauyen Ruma, sai saƙo ya je can ya dawo kafin a gargaɗi ma'aikaciyar da ke zaune gefen firjin.

Na ce, "Ranar da sabis ya ɗauke fa?"

Ya ce, "Ai ba ya daɗewa, Hajiya."

"Kabiru, ka taɓa kwana a Ruma? Can sai an hau tudu ake kiran waya."

Dariya ya yi. Ni kuwa allurar jarirai nake hangowa, ta lalace ba wanda ya sani, a yi musu ita a banza.

Na san abin da nake so. Kowane asibiti da kwamfutarsa a kan sola, ta yi ƙara da kanta in firji ya fara ɗumi, in sabis ya dawo ta aika rahoto. Gajimare ya tsaya kan sa ido da sabunta manhaja. Da asibitin Tsaskiya za mu fara, kafin ruwa ya cinye hanyar.

Na ba shi zuwa Litinin. In ya dawo da zanen nan, nawa zan kai wa shugaban sashenmu, in roƙa a tura Kabiru Ruma gadin firjin.