Janyewa Na Yi, Aka Rubuta An Kori Ƙarata

Zuwa ga Mai Girma Sufeton Kotunan Yanki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ranka ya daɗe, sunana Rabi, ƙosai nake toyawa a bakin gadar Wudil. Na rubuto a fili ne saboda na gaji da zaman benci a ƙofar kotu.

Na ɗaya. Mijina Sule direban tifa ne. Tun da kuɗin fetur ya buɗe aikin titi ya bi 'yan kwangila Kudu, damina biyu babu ci, babu sutura, babu ko aike. Na kai ƙara gaban alƙali a raba auren. Na ba da shaidu biyu, limamin unguwarmu da wani maƙwabci da ke auno mini hatsi. Aka sa rana.

Na biyu. Kafin ranar sai ga Sule, rediyo a kafaɗa, baki kamar zuma. Dattawansa suka zo biko har gidanmu a Utai. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya ce in yi haƙuri kada in kunyata shi, ni kuwa ban taɓa mayar masa da magana ba. Na je kotu na gaya wa akawu mun shirya, na janye. Ya yi rubutunsa, ya kama babban yatsana ya dangwala. Ban iya karatu ba a lokacin, har godiya na yi masa.

Na uku. Ko wata biyu Sule bai cika ba ya koma, rediyon ma bai bar mini ba. Na sake jiran damina guda, sannan na koma kotu. Aka buɗe littafi, aka ce an kori ƙarata saboda rashin hujja, maganar da aka yanke kuma ba a tada ta. Wai ɗaukaka ƙara ya kamata in yi, kwanakinta kuwa sun wuce tuni. Wa zai ɗaukaka hukuncin da bai san an yi ba?

Na huɗu. Na tambayi masana, sun ce wanda ya janye yana iya dawowa, wanda aka kora kuwa an saurari shaidunsa ne an ga ba su riƙe ba. Nawa shaidun ko takalmi ba su cire a ƙofar kotun ba. Bana na shiga ajin yaƙi da jahilci, na karanta da idona takardar da akawu ya dangwala yatsana a kai, raina ya ɓaci ƙwarai.

Yau ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Liman kuma ya tsufa, kullum yana kwance. In ya riga mu, shaida ɗaya ya rage mini.

Ina roƙon ka sa a duba littafin, a gyara shi yadda na faɗa, a saurari shaiduna tun liman yana iya magana. A kuma riƙa karanta wa mace abin da aka rubuta kafin a kama hannunta. Yatsan da ke jikin takardar nawa ne, ban musa ba, amma maganar da ke samansa ba daga bakina ta fito ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.
Rabi mai ƙosai, Wudil.